Wanda Ya Kulle Ɗakin Jaɓa

Manaja, kai ka kashe su. Kai ne, da ƙofarka ta ƙarfe da katin nan da kake ratayawa a wuya kamar an ba ka lambar yabo. Jaɓa talatin da ɗaya suka mutu a ɗakin nan cikin kwana uku, ka kwashi gawarsu ka ɗora min a ka. Hakan bai ishe ka ba, ka ɗauki ƙafa ka je har gaban gadon mutumin da ko tashi zaune ba ya iyawa, ka ce masa ni ce.

'Yata ce ke riƙe da biro, ni nake magana. Ta ce in sassauta harshe tunda takardar ofis za ta. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, in akwai zagi a ciki nawa ne.

Saboda 'yan kwamitin jami'a da za su karanta wannan, waɗanda ba su san ni ba, bari in faɗi ko ni wace ce. Shekara goma sha tara na yi a sashen nazarin dabbobi na jami'ar nan. A takarda ni mai shara ce. A bakin mutane kuwa, tun daga masu gadi har malamai, Uwar Jaɓa ake kira na, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba.

Farfesan sashen, mai nazarin jaɓa, shi ya jawo min shi. A shekarata ta farko wata jaɓa ta kuɓuce masa a ɗakin karatu, ɗalibai ƙatti suka haye kan tebura. Na ajiye tsintsiya, na kifa mata kofin shayi, na zura kwali ta ƙasa, na miƙa masa. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Me ya hana ki buga mata tsintsiya?"

Na ce, "Me ta yi min? Ai ba ɓera ba ce. Ta gidana kyankyasai take cinye min."

Ya juya ga ɗaliban da ke saman tebura ya ce, "Kun ji. Wata uku ina faɗa muku." Washegari ya ba ni makullin ɗakin jaɓa.

Kai, Manaja, sau ɗaya ka shiga ɗakin nan kafin abin ya faru, ka toshe hanci da hankici, ka fita da baya. Don haka bari in nuna maka shi. Dogon ɗaki ne mai taga ɗaya a can ƙarshe. Katakai a jere dama da hagu, a kai akwatunan gilashi masu murfin raga, kowane akwati jaɓa ɗaya. Ba a haɗa biyu sai lokacin barbara, shi ma kana tsaye a kansu, don in ka juya baya ɗaya za ta yi kalaci da ɗaya. Kowace kuma da irin ƙasar da ta saba. Jaɓar gida, babbar nan baƙa mai wari wadda ko kyanwa in ta kashe ta ba ta ci, ita ba ta da tsirfa: tsumma da fasasshen tulu sun ishe ta. Ta daji sai an shimfiɗa mata ruɓaɓɓen ganye, a yayyafa masa ruwa kowace safiya, in ya bushe ta kwanta ciwo. Ta kan duwatsu fara-fara ce, yashi take so da tsakuwa da wurin ɓuya. Akwai wata da muke kira 'Yar Mitsila, in ka ɗora ta a sikeli ba ta kai ƙwayar sukarin shayi ba, amma ta fi kowa rashin kunya. Sai na fadama, su tara, a jere daga bakin taga.

A bango akwai taswirar duniya cike da allurai masu kai kala-kala. In ina zuba abinci, Farfesa yakan tsaya gabanta yana ba ni labari kamar ni ce ajinsa. Ya ce dangin jaɓa sun fi ɗari uku, kuma bushiya ta fi kusa da su a kan ɓera. Ya nuna min ƙasashen ƙanƙara, inda suke da jan baki a haƙori, har akwai wadda ƙoƙon kanta ke ƙanƙancewa in sanyi ya shigo don kada jiki ya nemi abinci da yawa. Ya ce akwai mai nutso a rafi ta kamo ƙwarin ruwa, akwai mai dafi a miyau. Akwai kuma wata a manyan dazuzzukan da ruwan sama ba ya ɗaukewa, ƙashin bayanta a sarƙe yake, har ana cewa ƙato zai taka ta, ya ɗaga ƙafa, ta karkaɗe jiki ta wuce.

Na ce, "Wannan 'yar gidanmu ce."

Ya yi dariya har da tari.

Wata rana ya sa min abin sauraron ƙirji a kunne, ya ɗora bakinsa a jikin 'Yar Mitsila, ya ce in ƙirga bugun zuciyarta. Ba abin ƙirgawa. Kamar keken ɗinkin 'yata ne in tana sauri. Ya ce fiye da dubu a minti ɗaya. Ya ce, "To wannan wutar, Uwar Jaɓa, ita ake zuba wa itace. In kika bar ta ta yi 'yan sa'o'i babu, ta mutu."

Shi ne dukan aikina. Jaɓa takan ci abin da ya kai nauyinta a rana, wata ma ta zarce, kuma ba ta cin hatsi. Tsutsa take ci, da gyare, da tana, da fara. A bayan ɗakin ina da bahuna shida na dusa da nake kiwon tsutsa a ciki, da durum biyu na gyare. Sau huɗu nake ba su: da sassafe, da hantsi, da rana ta karya, sai na tashi aiki, wanda nake cikawa ya kai su wayewar gari. Asabar da Lahadi ma haka. Shekara goma sha tara ban taɓa kwana a wani gari ba. Ranar da mijina ya rasu, Farfesa ne ya zo da kansa ya karɓi makullin, ya yi kwana uku yana ba su, ya dawo min da shi yana cewa bayansa ya tsage.

Na fadaman nan da na ce, su ne ransa. Akwai wata fadama a bayan tsohuwar tashar jirgi, yanzu ba ta. An cike ta da ƙasa, an yi wurin ajiye manyan motoci. Kafin a cike, mutumin nan mai shekara sittin da takwas ya sa takalmin roba, yana gaba motocin ƙasa suna biye da shi, yana ɗana tarko yana kwashe abin da ya samu. Ya ce ya duba fadamu da yawa bai ga irin waɗannan ba: ƙafarsu ta baya doguwa, gashinsu kamar an shafa mai. Muka yi shekara huɗu muna haɗa su suna haihuwa. In uwa za ta canza wa 'ya'yanta wuri, na farko zai kama gindin wutsiyarta da baki, na biyu ya kama na farko, su tafi a jere kamar taragun jirgi. Farfesa yakan bar abin da yake yi ya zo ya tsuguna yana kallo. Ya riga ya samo wata fadama a can sama da madatsar ruwa. Ya ce in ruwa ya ɗauke za mu kai su, da ni a gaban mota.

Sai kai ka zo. Aka ce an kawo manajan gine-gine, zai gyara tsari. Ka fara da fenti, ka koma kan kujeru, daga nan ka ce makulli abin dā ne, za a sa ƙofofin ƙarfe masu buɗewa da kati. Ana cikin haka Farfesa ya faɗi a bakin motarsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ɗalibai kuma suna hutu. Ɗakin jaɓa ya zama daga ni sai su.

Ranar Alhamis na tare ka a baranda, bokiti a hannuna. Ka tuna, don ka ɗaga ƙafar wandonka kada ruwa ya taɓa ta.

Na ce, "Yallaɓai, na ji an ce katin masu shara ba ya buɗe ƙofa Asabar da Lahadi. Ga shi Litinin ma hutu ce. Dabbobin nan ba sa yini ba ci."

Ka ce, "Waɗanne? Ɓerayen Farfesa?"

"Jaɓa, yallaɓai."

"To, to. Ki rubuto."

"Ban iya rubutu ba. Shi ya sa na zo da bakina."

Ka yi murmushi, ka ce, "Kada ki damu, Mama." Ka wuce kana latsa waya.

A nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Shekara goma sha tara, in Farfesa ya ce min kada in damu, to an gama maganar. Na ɗauka a bakin kowa haka take. Da na sani da na zo gida na zaunar da yarinyar nan ta rubuta min layi biyu. Ni a wurina maganar da aka faɗa ido da ido ta fi takarda nauyi. A wurinka kuwa abin da ba a rubuta ba, ba a faɗe shi ba.

Juma'a da yamma na ba su na ƙarshe, na ɗan ƙara, aka karɓi makullina aka ba ni kati.

Asabar da sassafe na kara katin a jikin ƙofa. Jar fitila. Na goge shi da gefen zani na sake. Ja. Na juya shi ta baya. Ja.

Na koma bakin get wurin Kofur, mai gadinmu, tsohon soja. Tare muka tsufa a wurin nan. Kullum in na shigo sai ya ce, "Uwar Jaɓa, yaushe za ki aure ni?" ni kuma in ce sai ranar da aka ba shi bindigar gaske. Ran nan ya buɗe baki zai fara, ya ga fuskata, ya rufe.

Na ce, "Kira min Manaja."

Ya kira, ya sa a amsa-kuwwa. Muna jin hayaniya a bayanka da ƙarar cokula.

Kofur ya ce, "Ranka ya daɗe, matar nan mai dabbobi ce, ƙofa ta ƙi ta."

Ka ce, "Ai ba ranar aikinta ba ce. Na sa an zuba musu abincin kwana huɗu jiya bayan ta tashi. Na duba takardar kiwon ɓera da kaina."

Na fizge wayar. Na ce, "Wane abinci?"

"Na buhu. Irin na ɓerayen ɗakin gwaji."

"Yallaɓai, ko tsakuwa ka zuba musu ɗaya ne. Ba sa cin sa. Kafin la'asar za su fara mutuwa."

"Mama, dabba in ta ji yunwa za ta ci. Ina wani gari, sai Talata. Ki je ki huta."

Ka kashe. Da muka sake kira, wayar a rufe take, haka ta zauna har Talata.

Na tambayi Kofur katin Farfesa. Ya ce yana aljihun teburinka, tunda ya faɗi kafin a raba. Na tambaye shi na sauran malamai. Ya ce kowa na ofishinsa kaɗai yake buɗewa, haka ka tsara. Na fita titi na ɗauko mai walda da injinsa a baro. Kofur ya tsaya a tsakiyar get, ya buɗe hannuwa.

"Uwar Jaɓa, wata bakwai ya rage min in ajiye aiki. In aka yanka ƙofar nan ni za a yanka."

"Kai da ka ce ka yi yaƙi."

"Na yi. Can an ba ni oda."

Mai walda ya dube mu, ya juya baronsa. Kofur ya dubi takalminsa ya ce, "Ni dai zan zagaya ta gabas. Abin da ke faruwa ta bayan gini ban gani ba."

Na zagaya. Tagar tana da sandunan ƙarfe, gilashi a bayansu. Na tura tsohon durum na hau, na ɗauki dutse na fasa. Wannan na yi shi, kuma gobe ma zan sake.

Na leƙa. Dukansu suna sama da ƙasa a jikin gilashi, suna miƙewa a kan ƙafar baya, dogon hancin nan yana rawa. Sun ji warina. Dunƙulen abincinka yana zube a kowane akwati ba wadda ta taɓa. Na ɗebo tsutsa da hannu na watsa ta tsakanin sanduna. Wauta ce, na sani, ai akwai murfi. Tsutsa ta zube a siminti tana juyi, taku ɗaya tsakaninta da su. Sai da na yi na gane na ƙara musu azaba ne, don yanzu suna jin ƙanshin abinci.

Can sai ga Kofur, wanda bai gani ba, ya jingina gorar da yake tsinko mangwaro da ita a jikin bango, ya wuce.

Na zura gorar. Ta kai akwatin farko, na bakin taga. Na yi ta zungura har murfin ya zame ya faɗi. Na ɗaura gwangwanin madara a bakin gorar, na cika da tsutsa, na zura, na juye. Wadda ke ciki tsohuwa ce cikin na fadama, muna kiran ta Gwaggo saboda baƙin halinta. Ta faɗa wa abincin ko kallona ba ta yi ba.

Akwati na biyu, bakin gorar yana shafar gefensa kawai. Namiji ne a ciki, wanda za mu haɗa ta da shi. Na ɗaura sandar tsintsiya na ƙara tsawo. Ta lanƙwashe, igiyar ta kwance, sandar ta faɗa ciki. Na ɗaura reshe, ya karye. Na tura hannuna har kafaɗa, gilashi ya yanke ni a nan, ɗinki biyar, tabon yana nan ga mai son gani. Tsakanina da murfin nan bai fi tsawon yatsa ba.

'Yar Mitsila ce ta fara. Daga taga ina hango akwatinta a katako na sama. Kafin rana ta karya ta daina gudu, ta koma tafiya, tana tangaɗi kamar mai maye. Ta shiga kusurwa ta dunƙule. Ban ga ta ƙara motsi ba.

Lahadi da safe na tarar na daji sun yi shiru, ganyensu ya bushe ya yi fari. Na fadama suna ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ina kiran sunayensu kamar zai yi wani amfani. Namijin akwati na biyu ya kai yamma. Ya mutu da hancinsa a manne a gilashin da ke kallon taga.

Na gida su suka fi daɗewa, su da kowa ya raina. Litinin da hantsi ina jin ɗaya tana ɗan tsiwa a can ƙuryar ɗaki. Kafin azahar ta daina. Ɗakin nan, Manaja, tun da na san shi bai taɓa yin shiru ba. Kullum akwai ƙaras-ƙaras na ƙafafu a kan ganye. Ran nan ba abin da nake ji sai ƙudaje da suka shiga ta tagar da na fasa, da Gwaggo tana tauna.

Talata ƙarfe takwas ka zo da sabon aski. Ka kara katinka, koriyar fitila ta kama, ƙofa ta buɗe ba ko ƙara. Wari ya buge ka, ka ja da baya. Ba ka shiga ba. Daga bakin ƙofa ka ce wa leburori su kwashe komai su kai bola, a wanke ɗakin da magani. Kafin su zo na shiga, na buɗe kwanon abincina na zubar, na sa Gwaggo a ciki da ɗan ganye, na huda murfin da ƙusa. Sauran na naɗe su ɗaya-ɗaya a jarida, na binne su a gindin mangwaron Kofur. Talatin da ɗaya. Dukansu ba su cika rabin bokiti ba.

Laraba ka kira ni ofis. Ka ce in zauna a kujera mai laushi, ka sa aka kawo min shayi. Ka ce abin ya taɓa ka ƙwarai. Ka turo takarda da kwalin tawada.

Na ce, "Ta mece ce?"

"Bayanin abin da ya faru ne, don fayil. Ki dangwala nan, da nan."

Duk takardar da na taɓa dangwala wa yatsa a wurin nan, Farfesa yakan karanta min ita da ƙarfi tukuna, ko ta karɓar tsintsiya ce. Na jira ka karanta. Ka dubi agogo. Ni kuma kwana uku ina tsaye a kan durum, kaina ba ya tare da ni, kuma na ji nauyin in ce wa mai ilimi ban yarda da shi ba. Na dangwala.

A gida 'yata ta tsayar da keke ta karɓi kwafin da ka ba ni. Tana karantawa tana rage murya, har na ce ta ɗaga. Takardar ta ce ni, mai shara, ban sanar da hukuma cewa dabbobin suna buƙatar kulawa a ranakun hutu ba. Ta ce ban bar musu isasshen abinci ba. Ta ce na fasa tagar gwamnati. Ta ce dabbobi talatin da biyu sun mutu a dalilin sakacina, na amsa laifina, na kuma ajiye aiki don kaina.

Ta ce, "Inna, wannan yatsanki ne?"

Na ce, "Nawa ne."

Ta kifa kanta a kan keken.

Aikin ba shi ne damuwata ba, ku riƙe abinku. Ɗakin ma na ji an mai da shi wurin ajiye kujeru. Abin da ya hana ni barci shi ne abin da ka yi bayan nan. Da aka sallamo Farfesa daga asibiti, ka sayi lemo da ayaba ka je gaishe shi. Matarsa, Malama, ta ce yana ta nuna hoton jaɓa da ke bangon ɗakinsa da hannun hagu yana gurnani, yana tambaya. Kai kuma ka ciro takardar daga jaka, ka karanta masa. A nan ka iya karantawa da ƙarfi. Ka kuma nuna masa yatsana.

Ban san an yi haka ba na je. Malama ta buɗe ƙofa, ta dube ni daga sama har ƙasa. Matar da ke aiko min da kayan 'ya'yanta in sun yi musu kaɗan.

Ta ce, "Har kina da idon zuwa."

Na ce, "Malama, ki bar ni in gan shi."

Ta matsa, ban san dalili ba. Yana kwance a ɗakin karatunsa, an sa masa gado tsakanin littattafai. Ya rame, bakinsa ya karkace, ba tabarau. Na durƙusa na ce, "Farfesa, ni ce." Ya dube ni. Ya gane ni sarai, kansa lafiya lau yake. Na fara magana, na ce ƙofa, na ce kati, kuka ya sarƙe ni, maganar ta fito a hargitse. Ya sa hannun hagu ya kama ƙarfen gado, ya yi ta ja, ya yi ta ja, har ya juyar da kansa ya fuskanci bango. Mutumin da sai mutum biyu sun taru suke juya shi.

Malama ta kama ni ta fitar. A baranda ta ce, "Tun ranar da aka karanta masa ya daina karɓar abinci sai an matsa. Likita ya ce jikin yana ja da baya."

Na ce, "Ƙarya aka karanta masa."

"Da yatsanki a kai."

"Ban san abin da ke ciki ba."

"Shekara nawa kina cikin masu karatu, ki ce min ba ki sani ba?"

Bayan mako guda na koma da Gwaggo a bokiti, an rufe da raga. Na ce a nuna masa ita kawai, zai gane ƙafarta ta baya, zai san akwai bayani. Malama ta leƙa, ta toshe hanci.

"Wa ya san inda kika kamo wannan? Ni duk ɗaya suke a idona. Ba zan sake bari a tayar masa da hankali ba. In gaskiya gare ki, ki kawo wanda ya kulle ƙofar ya faɗa da bakinsa."

Na je wurin Kofur. Ya ga na nufo shi, ya shige ɗakin gadi yana gyara rediyo. Na ce, "Kofur, kai ka kira wayar." Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Saura wata biyar, Uwar Jaɓa." Bai tambaye ni aure ba. Ban riƙe shi ba sosai. Gorarsa ce ta ceci guda.

Gwaggo tana nan a ƙarƙashin teburin yankan 'yata, cikin tsohon akwatin kifi da maƙwabci ya ba ni. Masu kawo ɗinki suna cewa shagon yana wari, biyu sun ɗauke kayansu. 'Yata dai ta sayo turare. Sau huɗu nake ba ta, kamar kullum. Amma haƙorin jaɓa ba irin na ɓera ba ne da ke ta tsiro. Nata cinyewa yake yi, in ya ƙare ta ƙare, shi ya sa da wuya su wuce shekara ɗaya da rabi. Gwaggo ta kai. Gyare ya fi ƙarfinta yanzu, sai na matse mata tsutsa a yatsa. Ba namiji, ba fadama. In ta tafi, irinta da muka sani sun tafi.

Jiya na bi ta ƙofar gidan Farfesa, na ga an kawo tukunyar iskar numfashi a mota.

Don haka ku ji ni, 'yan kwamiti. Takardarku ta ce talatin da biyu. Ku zo shagon tela da ke bayan asibitin ƙashi, ku ɗaga ƙyallen tebur ku ƙirga da kanku, sannan ku tambayi wanda ya rubuta ta ko ya shiga ɗakin ya ƙirga. An ce min ƙofar nan tana riƙe lissafin duk katin da aka kara mata, da rana da lokaci. Ku buɗe ku ga sau nawa nawa ya taɓa ta ranar Asabar. Ku karɓi wayar Kofur ku duba wa ya kira.

Kai kuma, Manaja, ka ce in rubuto. Ga shi na rubuto. Ba na son shayinka, ba na son haƙurinka a ofis. Ka ɗauki takardar nan mai yatsana, ka zo gidan Farfesa, ni da bokitina muna bakin ƙofa tun safe. Ka tsaya inda ka tsaya ran nan, ta gefen kunnensa na hagu, da muryar da ka karanta masa waccan. Ka faɗa masa abin da na ce maka a baranda ranar Alhamis, da abin da ka ce min. Ka faɗa masa wanda ya kulle ƙofar. Ka zo yau, tun yana ji.